Kafaɗar da Lokotoro Bai Taɓa Ba

Zuwa ga Mushe Lokotoro, wato yallaɓai likitan da ke duba ma'aikatan sansanin masu neman dutse a yammacin Abzin, wajen rijiyar da Buzaye ke kira Arlit.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ke can ƙasarku, da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya sa haka, amin.

Bayan gaisuwa, sunana Abarshi ɗan Mamman, haifaffen Damagaram, mazaunin Agadas. Ba na zaton za ka tuna sunan. Shekara biyu na yi ina lebura a sansaninku, cikin masu loda bututun ƙarfe a kamyo, wato babbar motar kaya, da sauke su, bututun nan da injin ke turawa cikin ƙasa. Sau uku na tsaya a gabanka. Ni ne dogon mutumin nan da ke riƙe da hannunsa na dama a kan cikinsa.

Ban iya boko ba. Malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya shi ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce ya rubuta ta sau uku. Ɗaya direban motar ruwa zai kawo maka, tafintanka ya juya maka da Faransanci. Ɗaya za a liƙa a tashar Agadas, inda ake ɗibar sababbin leburori. Ɗaya ta zauna a wurina. Ban yi haka don in kunyata ka ba. Na taɓa aika maka magana a asirce ta bakin wani, ba ta yi amfani ba, shi ya sa.

Kuma ba fushi nake yi ba, ranka ya daɗe. Fushin ya zo, ya yi kamar wata biyu, ya tafi. Yanzu ina faɗin abin ne kamar labarin wani mutum da na sani.

Na ɗaya: yadda abin ya faru.

A farkon bazarar bara ne, da hantsi, muna sauke bututu daga kamyo. Mu huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa, ni ina ƙasa. Igiyar da ta ɗaure tarin ta kwance, bututu ɗaya ya sulalo da tsawonsa ya nufo ƙirjina. Na miƙa hannun dama na tare shi, hannun a miƙe sak. Na ji wata ƙara a cikin jikina, ba da kunne ba, kamar an zare ƙafa daga taɓo. Na zauna ƙasa. Ba jini, ba rauni, ko ƙujewa babu. Abokan aiki suka ɗaga ni suna yi mini barka, suka ce na tsira. Amma hannun ya manne da cikina, tafin yana kallon ciki, ya ƙi juyawa waje. Da na gwada juya shi sai ganina ya yi duhu.

Malam Sidi, anfarmiyen da ka bari a sansani yana ba da magani idan ba ka nan, ya rataye mini hannun da ƙyalle, ya ce in jira zuwanka. Jirginka ya sauka bayan kwana uku.

Na biyu: duban farko.

Mun fi mutum ashirin a jere bakin tanti. Kana zaune a bayan tebur. Da na shigo ka ɗaga kai, tafinta ya gaya maka abin da ya same ni. Ka ce in ɗaga hannu. Na ɗaga shi ta gaba har daidai ƙirji, ina karkata jiki duka don ya kai. Ka ce in motsa yatsu, na motsa. Ka dubi kafaɗun biyu daga inda kake zaune, rigata tana jikina. Ka ce targaɗe ne. Malam Sidi ya ba ni fararen ƙwayoyi, ya shafa mini jan magani a wurin, aka ba ni hutun kwana uku.

Ina so malamin nan ya rubuta wannan a sarari. Ba ka tashi daga kujera ba. Ba ka ce in tuɓe riga ba. Ba ka zagaya ta bayana ba. Ba ka ce in juya tafin hannuna sama ba, alhali shi ne abin da na kasa, kuma sau biyu na gaya wa tafinta. Ban sani ba ko ya faɗa maka. Duk tsayuwata a gabanka ba ta kai lokacin da ake ɗaura wa raƙumi sirdi ba.

Na uku: maganar Gisa.

Akwai wani dattijo Buzu a sansanin, sunansa Gisa. Mai lambu ne daga Cirozarin, an ɗauke shi ja-gora saboda ya san rijiyoyi. A garinsu shi ke yin ɗori, na mutum da na dabba. Washegarin ranar da ka duba ni ya same ni zaune a inuwar kamyo, ya ce in tuɓe riga. Ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo kafin ya ɗora yatsu. Ya danna ta gaba, yatsansa ya faɗa rami inda bai kamata a sami rami ba. Ya danna ta baya, ya kama wani abu mai tauri kamar goruba a ƙarƙashin nama. Ya ja hannuna na hagu ya kai wurin don in ji da kaina. Sannan ya ce, da Hausarsa ta mutanen Abzin:

"Ɗana, wannan ba targaɗe ba ne. Kafaɗa ya fita gidanshi, ya koma baya. Ka ba ni mutum biyu masu ƙarfi, in maida shi yau. In wata ɗaya ya cika, ni ba na taɓa shi."

Ka san dokar da shef, shugaban sansani, ya kafa: duk wanda lokotoro ya duba, ya koma wurin boka ko maɗori, an sallame shi. Ni kuwa ina da mata da ƴaƴa uku a Agadas. A lokacin jirginka bai tashi ba, don haka na roƙi Malam Sidi ya shiga ya gaya maka abin da Gisa ya gani, ya nemar mini izini. Ya shiga, ya fito, bai dubi fuskata ba. Ya ce ka ce ka riga ka duba, kuma wanda ya bar mai jan raƙumi ya taɓa shi to ya tattara kayansa. Ya yi taku biyu zai wuce, ya dawo, ya sassauta murya ya ce:

"Ni ma na ga kumburin nan na baya, Abarshi. Amma ni ba lokotoro ba ne."

Na koma na ce wa Gisa ya bari. Bai yi mini gardama ba. Ya taimake ni na sa riga, ya tafi wajen raƙumansa. Wannan kason na laifin nawa ne, ba zan ɗora maka shi ba. Na ji ƙashin da yatsuna, amma na bi maganar wanda ke da ikon sallamata.

Na huɗu: duba na biyu da na uku, da takardar.

Da hutun ya ƙare na koma aiki. Mutum biyu ke ɗaukar bututu ɗaya, kuma ana sauya kafaɗa a hanya. Ni ba na iya sauyawa, sai a hagu kawai, ga kuma dama ba ta iya tallafewa. Duk wanda aka haɗa da ni yana wahala. Ba wanda ya yi ƙorafi a gabana, amma na lura da safe kowa na saurin kama abokinsa kafin a zo kaina.

Bayan sati biyu ka dawo. Na ce babu sauƙi. Ka ce targaɗe yana ɗaukar lokaci, aka ƙara mini ƙwayoyi.

A zuwanka na uku a wurina, wata ɗaya da rabi ke nan da faruwar abin, shef yana tsaye a gefenka. A ranar ka tashi daga kujera. Ka kama wuyan hannuna, ba kafaɗar ba, ka fizge shi sama. Na yi ihu, abin da ban taɓa yi a gaban maza ba tun ina yaro. Ka faɗi wata magana da Faransanci, shef ya yi dariya. Na tambayi tafinta me aka ce, ya ce ba komai. Ka zauna ka rubuta takarda, ka sa hannu, shef ya buga hatimi. Da yamma aka ce an sallame ni, in hau motar ruwa.

Ni a zatona takardar shaidar aiki ce, irin wadda ake ba mutum don ya nema a wani wuri. Na naɗe ta cikin fata na adana. A Agadas na kai ta wurin masu aikin hanya, magatakarda ya karanta ya miƙo mini, ya ce babu wuri. Na kai ta wani kanti da ke neman mai gadi, aikin da hannu ɗaya ya isa, nan ma haka. A wuri na uku magatakardan, wani mutumin kudu mai furfura, ya karanta, ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce:

"Baba, ka san abin da ke cikin takardar nan da kake yawo da ita?"

Na ce ban sani ba. Ya ce an rubuta cewa an duba ni sau uku, ba a sami komai ba, mutum ne mai ƙaryar ciwo don gudun aiki. Ya ce in daina nuna wa kowa. Na yi masa godiya, na naɗe ta, na mayar cikin fatar. Na tuna na tsaya a bakin titi ina kallon wani jaki yana cin kwali, na daɗe. Daga nan na tafi gida, Hadiza matata ta tambaye ni ya aka yi, na ce sun ce babu wuri.

Na biyar: abin da muka gwada.

Wanzami ya yi mini ƙaho sau huɗu. Wani ya yi mini lalas, wato ya ɗora ƙarfe mai zafi a wurare uku kewaye da gaɓar, tabon yana nan. Hadiza ta yi ta shafa man shanu da ɗumi safe da yamma har hannunta ya gaji. Na bi ayari zuwa Tafadak, na yi kwana bakwai ina shiga ruwan zafin nan da masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa. A cikin ruwan ana jin daɗi. Da an fito sai komai ya koma yadda yake.

Da damina ta faɗi na ji Gisa ya bar sansani ya koma lambunsa, na tafi Cirozarin na same shi yana kora ruwa a kwarin masara. Na tuɓe riga tun bai ce ba. Ya taɓa, ya girgiza hannun a hankali, ya saki. Ya ce:

"Ya yi gida a can yanzu. In na ja, karyawa zan yi."

Bai ce mini ai ya faɗa ba. Ya cika mini buhu da albasa, ya ɗora a kan jakin da zai mayar da ni.

Ciwon kansa ya ragu da kaɗan kaɗan, mutane suka fara yi mini barka da samun sauƙi. Ba sauƙi ba ne. Naman kafaɗar ne ya zube, hannun ya tsaya inda ya tsaya. Ba na iya naɗa rawani, Hadiza ke naɗa mini a cikin ɗaki kafin in fita. Idan zan yi kabbara hagu ta kai kunne, dama ta tsaya a ƙirji. Idan liman ya ce a yi addu'a, tafi ɗaya ke buɗewa sama. Abinci kuwa ina iya kai loma baki da dama, amma sai na sunkuyar da kai har bakin akushi, don haka na daina ci cikin mutane. Akwai kuma wani wuri a gefen kafaɗar, faɗinsa kamar tafin hannu, da ba ya jin komai. Wata rana ana dafa shayi garwashi ya tashi ya faɗa mini a nan, ya ci riga, ya ci fata. Hadiza ce ta ji ƙauri daga madafa ta fito da gudu. Ni ina zaune ina jiran shayi.

Na shida: abin da aka gani a Damagaram.

Bayan girbi aka aiko mini cewa mahaifina ba shi da lafiya, na hau mota na tafi. Ƙanena Illa da ya ga hannun ya matsa sai na je babbar likitar garin, wato asibiti, inda suke da radiyo, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashi. Lokotoron da na samu a can shi ma Bature ne, ɗan ƙasarku, ƙila bai kai ka shekaru ba. Ya ce in tuɓe riga. Ya zaunar da ni a kan benci, ya tsaya a bayana, ya leƙa kafaɗun biyu daga sama. Ya manna gwiwar hannuna da kwiɓi, ya ce in buɗe hannun waje kamar ƙofa. Bai buɗu ba. Ya ɗauki allura yana tsikarin fatar yana tambaya ko na ji, har ya zagaye wurin da ya mutu da alƙalami.

Hoto biyu suka ɗauka. Na farko ta gaba. Ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini, ya ce duba, a nan kamar lafiya lau. Na biyu ta ƙarƙashin hammata aka ɗauke shi, sai da mutum biyu suka riƙe mini hannun. A wannan ko ni da ban yi karatu ba na gani. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, yana da ɗan faranti da yake zama a ciki. Farantin yana nan wayam, kan ƙashin yana bayansa.

Ya yi mini bayani ta bakin anfarmiyensa. Ya ce yawanci idan kafaɗa ta goce gaba take fitowa, kowa ya gani ya sani. Wadda ke komawa baya ba ta cika faruwa ba, kuma tana yaudarar likitoci da dama, domin ta gaba ba a ganin komai. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye abin da ke kare ka. Amma ya ce alamarta biyu ce, kuma ba sa bukatar na'ura: tudu ta baya, da hannun da ya ƙi buɗewa waje. Ya ce da a kwanakin farko ne, da maganin barci da mutum biyu, aikin bai fi a sha shayi a tashi ba, sai a ɗaure hannun na ƴan makonni, mutum ya koma aikinsa.

Duk da haka ya ce zai gwada. Suka kwantar da ni, suka ɗora mini wani abu a hanci, na tafi. Da na farka na ga Illa a zaune, na dubi fuskarsa, ban tambaya ba. Daga baya lokotoron ya zo ya ce bakin farantin ya ci rami a kan ƙashin, sun sarƙe da juna, nama kuma ya cika gidan. Abin da ya rage sai wuƙa, kuma ba a yin irin wannan aikin sai a Dakar, ko a can ma ba tabbas. Ya koya mini motsi biyu don kada sauran ya daskare: in sunkuya in bar hannun yana lilo kamar igiyar guga, in kuma riƙa hawa bango da yatsu. Ina yi kullum. Na yi alama a bangon ɗakina tun watanni biyar, yatsun ba su wuce ta ba.

Ya tambaye ni wa ya fara duba ni. Na ce lokotoron sansani. Ya ce sunansa fa? A nan na gane ban san sunanka ba. Ya rubuta abin da ya gani a takarda, ya haɗa mini da baƙaƙen hotunan biyu.

Na bakwai.

Wannan ba maganar likita ba ce, amma zan faɗe ta. Kwana tara bayan haka mahaifina ya rasu. Ni ne babban ɗansa. Tun yana da ƙarfin magana ya ce mini, a gaban Illa, ni zan sa shi a kabari. Makara na ɗauka da hagu, wannan bai gagare ni ba. A maƙabarta na sauka cikin ramin, Illa ya sauka ta wajen ƙafa. Aka miƙo shi. Wanda ya taɓa karɓar gawa ya sani, hannu biyu ake miƙawa, tafi a sama. Hagu ta shiga ƙarƙashin kansa. Dama ta tsaya a kan cikina. Mutanen da ke sama suna riƙe da shi a sunkuye, suna jira. Na gwada in tura gwiwar hannu, likkafanin ya zame. Liman ya ce a hankali, "Fito, Abarshi." Ban iya fitowa da hannu ɗaya ba, sai da aka ciro ni ta hammatar hagu. Wani maƙwabcinmu mai sayar da itace ya sauka a madadina.

Na tsaya a gefe har aka gama. Mutane suna zaton baƙin ciki ne ya hana ni magana, suna ta ba ni haƙuri. Gaskiya ban ji komai ba. Ina ta kallon takalmana da na bari a bakin kabari, ina tunanin kada a rufe su da ƙasa. Har yau ina jiran kukan ya zo, bai zo ba.

Na takwas: dalilin rubuta wannan yanzu.

Na dawo Agadas. Ina jan jakin ruwa a unguwarmu, masu gida su sauke salka da kansu. Da haka za a ci gaba, kuma da ban dame ka ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce na haɗu da Mahamudu, direban motar ruwan sansaninku, a bakin masallaci. Ya ce akwai wani Musa, makiyayi daga Dannat, wanda ya shiga aiki bayan tafiyata. Ya faɗo daga tsanin injin, ya dafa ƙasa da hannu a miƙe. Mahamudu ya kwatanta mini yadda yake riƙe da hannun, ya manna nasa a ciki, ya ce tafin ya ƙi juyawa. Ya ce ka duba shi, ka ce targaɗe ne, an ba shi fararen ƙwayoyi. Ranar da motar ta baro sansani kwanansa shida. Kafin wannan takarda ta iso ka zai kai goma sha biyu.

Ban taɓa ganin Musa ba. Ni ba likita ba ne, mai yiwuwa nasa targaɗen ne na gaskiya, Allah ya sa haka. Amma mutum ne da zai koma jan guga wa raƙuma idan aikinku ya ƙare, kuma Gisa ba ya sansanin yanzu.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka sake kiran Musa a ranar da ka sauka, kafin kowa. Ka duba shi ba riga, gaba da baya, ka sa ya buɗe hannun waje. In abin da nake tsoro ne, ka mayar masa tun ana iyawa, ko ka sa shi a jirginka zuwa inda za a iya. Mahamudu zai nuna maka hotunana biyu da takardar Damagaram don ka ga yadda abin ke zama idan an bari. Ka taimaka ka ba shi ya dawo mini da su, ba ni da wasu.

Ka karɓi takardar da ka rubuta a kaina, na haɗo ta cikin fatarta. Ka rubuta wata da ke faɗin abin da hoto ya nuna. Ba sai ka rubuta cewa ka yi kuskure ba. Ka rubuta kawai cewa ƙashin mutumin nan ya goce a wurin aiki, kuma bai yi ƙarya ba. Ƴaƴana za su shiga lakwal, makarantar boko, wata rana za su iya karanta abin da aka rubuta game da ubansu.

Dokar hana zuwa wurin maɗori, ban ce a ɗage ta ba, na san akwai masu ɓata mutane. Amma idan wanda ya san ɗori ya ce ya ji wani abu da yatsunsa, a bar shi ya shigo tanti ya nuna maka wurin. Malam Sidi ma a ba shi damar faɗin abin da ya gani ba tare da tsoro ba. Kada a hukunta shi saboda na ambace shi a nan, bai san zan rubuta ba.

Ban roƙi a mayar da ni aiki ba, ba zan iya ba. Maganar Dakar kuwa, idan akwai hanya ga irina, a gaya mini. Idan babu, a ce babu, in cire rai.

Mahamudu zai tashi bayan azahar, ya ce ba zai jira ni ba, don haka a nan zan tsaya.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa wa aikin hannunka albarka, ya sa duk wanda ya shigo tantinka ya fita da sauƙi. Idan wa'adinka a ƙasar nan ya cika, Allah ya mayar da kai gida lafiya, ka tarar da iyayenka da rai. Ranar da suka bukace ka kuma, Allah ya ba ka ikon yi musu abin da ɗa ke yi wa iyayensa, da hannunka biyu.

Wassalam.

Ni ne,
Abarshi ɗan Mamman,
tsohon leburan sansaninku, Agadas.